Mita ko GPS: Wanne ya dace da keke mai naɗewa daga Ndokoti zuwa kasuwannin kan iyaka?

Duk wanda ya taɓa ratsa mahaɗar Ndokoti da ke birnin Duwala da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba sai an ba shi labarin abin da ake kira cunkoso ba. Manyan motoci masu fitowa daga yankin masana'antu na Bassa, da tasi-tasi masu launin ruwan ɗorawa, da ɗimbin 'yan baburan nan da ake kira bensikin, duk a nan suke cin karo, har ta kai wani lokaci mai tafiya a ƙasa yakan riga mai mota isa inda za shi. A gefe guda kuma ga tsadar mai. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, sannan a Fabrairun 2024 ta sake ɗaga ta zuwa 840. A Nijeriya ma, tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, man da ake tsallakowa da shi ta kan iyaka ya daina yin arahar da aka san shi da ita.

Waɗannan dalilai ne suka sa wasu 'yan kasuwa ke waiwayar keke, musamman ɗan ƙaramin nan mai naɗewa, wanda ake ninke shi gida biyu ko uku a jefa a bayan mota ko a tura ƙarƙashin teburin shago. Wanda kuwa ya sayi keke don aiken yaron shago ko zagayen karɓar bashi, ba a jimawa sai ya so sanin kilomita nawa ake yi a kansa a rana. A nan ne ake tsayawa a gaban mai kayan keke ana tambaya: ƙaramar mitar nan mai maganaɗisu wadda ba ta da igiya za a ɗaura, ko kuwa na'urar GPS? Abin kamar wasa, amma a cikinsa akwai kuɗi, akwai haƙƙin yaron aike, akwai kuma sunan ɗan kasuwar da ya sayar da kayan da ba su yi aiki ba.

Duwala da keke

Gaskiyar magana ita ce Duwala ba garin keke ba ne kamar Marwa ko Maiduguri. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da zanga-zangar zaman gida ta 1991 da taɓarɓarewar motocin haya suka buɗe wa bensikin ƙofa, babur ne sarkin titi a birnin. To amma hukumomi sun sha hana 'yan babur shiga wasu unguwanni irin su Bonanjo, inda ofisoshi suke, kuma a cikin lungunan New Bell, unguwar da Jamusawa suka yanka gab da yaƙin duniya na farko, inda Hausawa suka kafa zangonsu, akwai wuraren da ko babur sai ya yi dabara kafin ya shige. Tsakanin babbar kasuwa da kasuwar Kwango da Nkololoun da Mboppi, tafiye-tafiyen ɗan kasuwa gajeru ne amma masu yawa. Irin wannan zirga-zirga ita ce abincin ƙaramin keke.

Kazalika, Duwala ita ce ƙofar shigowar kaya. Ta tashar jiragen ruwanta ake sauke kwantenonin gwanjo daga Turai da Asiya, a ciki har da kekuna, daga nan su kama hanyar Yawunde da Ngaundere, su watsu zuwa Garwa da Marwa da Kusiri, wasu su nufi Garoua-Boulai ta iyakar Afirka ta Tsakiya, wasu kuma Kye-Ossi ta iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini. A yankin tafkin Chadi, inda matsalar tsaro ta sa aka taƙaita hawa babur, kamar yadda aka haramta shi a Maiduguri a 2011, keke ya sake samun daraja. Saboda haka wanda ya sari kaya a Duwala, ya kamata ya san abin da zai yi aiki a can inda zai kai su, ba abin da ya yi kyau a cikin kwali kawai ba.

Shi keke mai naɗewa ba baƙon abu ba ne a duniya. Kamfanin Raleigh da iyayenmu suka sani ya fito da nasa tun a shekarun 1960. Wani Bature mai suna Andrew Ritchie ya fara zana keken Brompton a Landan a tsakiyar shekarun 1970, shi kuma David Hon ya kafa kamfanin Dahon a 1982. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙaramar taya, inci 16 ko 20, da dogon wuya mai ɗauke da hannun keke. Waɗannan abubuwa biyu, ƙaramar taya da dogon wuya, su ne tushen duk maganar da za ta biyo baya.

Mita mudu ce

Mitar keke ba ta san hanya ba, ba ta san gabas ba balle yamma. Abu ɗaya ta iya, wato ƙirga. Ana maƙala ɗan maganaɗisu a jikin ɗaya daga cikin tsinkayen ƙarfen taya, sannan a ɗaura wani ɗan abu da ake kira sansa a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Duk lokacin da taya ta zagayo, maganaɗisun ya gifta ta gaban sansa, sai ita kuma ta aika wa mitar da ke kan hannun keke saƙo cewa an yi zagaye ɗaya. Mita sai ta ninka yawan zagayen da tsawon kewayen taya, ta fitar da nisa da gudu. Ke nan idan aka gaya mata ƙarya game da girman taya, ƙarya za ta yi ta faɗa har batirinta ya ƙare.

Ga misali da alƙaluma. Da yawa daga cikin mitocin kamfanin CatEye na Japan suna fitowa daga masana'anta da lamba 2096, wato kewayen tayar keken tsere a ma'aunin milimita. Ita kuwa tayar inci 20 da aka fi samu a keke mai naɗewa, kewayenta kimanin milimita 1515 ne, ma'ana sai ta zagaya sau 660 kafin a ci kilomita ɗaya. Idan aka ɗaura mitar ba tare da an sauya lambar ba, duk kilomita 10 na gaskiya za ta nuna kusan 14. A ce mai shago ya yi yarjejeniya da yaronsa a kan sefa 100 kowace kilomita, yaron kuma yana yin kilomita 20 a rana, to mita za ta rubuta kusan 28, a kwana 26 na aiki mai shago ya biya kusan jaka 20 a kan tafiyar da ba a yi ba. Idan kuma aka cire mitar da aka saita wa ƙaramin keke aka mayar da ita kan keke mai tayar inci 26, sai lissafin ya juye: yaro ya yi kilomita 20, mita ta nuna ƙasa da 15, an tauye masa mudu ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Wani tarkon kuma shi ne ba duk tayar da ake kira inci 20 ce girmansu ɗaya ba. A duba gefen taya, za a ga lambobi biyu kamar 47-406. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuma faɗin garen ƙarfen da take zaune a kai. Akwai inci 20 mai lamba 406, akwai mai 451, wadda kewayenta ke kai wa wajen milimita 1615. Haka inci 16: akwai mai 305, kewayenta wajen 1195, akwai mai 349 irin ta Brompton, wajen 1300. Wanda ya dogara da kalmar inci kawai zai iya yin kuskuren da ya kai kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari.

Maganin wannan bai fi aikin minti biyar ba. A ba taya iska yadda aka saba hawanta, a juyo bawul ya zo daidai ƙasa, a yi alama da alli a kan siminti. Mai keken ya hau, a tura shi a miƙe har bawul ya yi zagaye uku ya dawo ƙasa, a sake yin alama. A auna tsakanin alamomin biyu da tef ɗin magina, a raba gida uku, abin da ya fito a milimita shi za a shigar wa mita. Tef ɗin tela ba zai wadatar ba, domin santimita 150 ne tsawonsa, ko zagaye ɗaya na tayar inci 20 bai cika ba. Bugu da ƙari, a tabbatar mitar tana kan kilomita, domin na gwanjon da suka fito daga Ingila ko Amurka sau da yawa a kan mil suke, kuma mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi.

Dogon wuya, gajeren saƙo

Me ya sa ake neman marar igiya tun farko? Saboda keke mai naɗewa abokin gabar igiya ne. Duk ninkewa sai an lanƙwasa ta a wuri ɗaya, wata rana maƙullin ninkewar ya datse ta. Ga shi kuma sau da yawa igiyar da ke zuwa cikin kwali ba ta isa tun daga taya har saman dogon wuyan ba.

Sai dai ita ma marar igiyar tana da iyakarta. Ƙananan mitoci masu araha suna aika saƙo ne da raunin rediyo wanda, kamar yadda takardun kamfanonin kansu suke nunawa, ba ya wuce santimita 60 zuwa 70. A babban keke wannan ba matsala ba ce, domin taya tana tasowa kusa da hannu. A ƙaramin keke kuwa, hannun yana nan a tsayin kusan mita ɗaya daga ƙasa kamar na kowane keke, amma taya ta yi ƙasa sosai, don haka tazarar da ke tsakanin sansa da mita takan kai iyakar ko ta wuce. Abin da ke faruwa shi ne a ranar da aka saya, da sabon batir, komai lafiya. Bayan 'yan makonni batir ya ɗan yi sanyi, sai mita ta fara tsallake ƙirga, ana gudu tana nuna sifili. Mai saye ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu, alhali kayan lafiyarsu ƙalau, keken ne bai dace da su ba.

Ana iya rage wannan ta hanyoyi uku. Na farko, a ɗaura sansa a can sama gwargwadon iko a jikin ƙarfen tayar gaba, a ɓangaren da mitar take. Na biyu, a sauko da mitar daga kan hannu zuwa jikin wuyan keke. Na uku, a bar tazarar da ba ta wuce milimita 5 ba tsakanin maganaɗisu da sansa, a kuma riƙa dubawa bayan an warware keken, domin ninkewa da jefawa a bayan mota sukan ture shi. Akwai kuma kekuna masu tayar da aka zuba da ƙarfe ko roba mai kauri, marasa siraran tsinkaye. Irin waɗannan maganaɗisun da ke cikin kwali ba ya kama su.

Haka nan, irin wannan raunin saƙo yana saurin rikicewa. Fitilar keke mai ƙyaftawa idan tana dab da mita, ko manyan wayoyin lantarki, ko wani keken mai irin mitar a kusa, duk suna iya sa ta nuna gudun da ko babur bai yi ba. Mitocin da suka fi tsada, masu aiki da tsarin Bluetooth ko ANT+, saƙonsu yana da lambar sirri kuma yana kai mitoci da dama, don haka ba ruwansu da dogon wuya. Wasu ma sansar tasu a cibiyar taya ake ɗaura ta, babu maganaɗisu sam.

Babbar falalar mita dai ita ce batir. Ɗan batir ne mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, irin wanda masu gyaran agogo ke sayarwa a kowace kasuwa, ɗaya a mita ɗaya a sansa, kuma yakan kai wajen shekara ga mai hawan awa ɗaya a rana. Ba ta neman caji, ba ta neman kati, ba ta kuma ɗaukar idon ɓarawo.

Ita kuma GPS fa?

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam mallakar sojan Amurka. An harba na farko a 1978, aka kammala tsarin a 1995 da taurari 24 masu shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kowane tauraro yana ta aiko da saƙon inda yake da kuma lokaci. Na'urar da ke hannunka tana sauraren aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna daɗewar da saƙon kowanne ya yi a hanya, daga nan ta gane inda take. A da, da gangan Amurka ke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kai mita 100, sai a watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Tun daga nan kuskuren ya dawo 'yan mitoci a fili. A yau akwai irinsa na Rasha mai suna GLONASS, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin wanda aka kammala a 2020, kuma yawancin sababbin na'urori suna sauraren fiye da ɗaya.

Ga mai keke mai naɗewa, daɗin GPS a bayyane yake. Babu maganaɗisu, babu sansa, babu awon taya. Ko inci 16 ne ko 28, duk ɗaya ne a wurinta. Ana iya cire ta daga wannan keke a mayar kan wancan, ko a sa a aljihu a hau babur. Tana kuma ajiye tarihin tafiya: inda aka bi, ƙarfe nawa aka tashi, ina aka tsaya, minti nawa aka yi a can. Kamfanin Garmin na Amurka ne ya yi fice a wannan fanni da jerin na'urorinsa masu suna Edge, sai Wahoo da Bryton, daga bisani kuma kamfanonin Sin irin su iGPSport da Magene da Coospo suka karya farashi. Ba a biyan ko sisi don karɓar saƙon tauraro, kuma ba ya buƙatar layin MTN ko Orange. Hadari da ruwan sama ma ba sa tare shi, saɓanin abin da wasu ke zato saboda sun ga yadda dish ɗin talabijin ke ɗaukewa idan ana ruwa.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. GPS sai ta ga sama. A ƙarƙashin rumfunan kwano na kasuwa, ko tsakanin benayen Akwa, ko a ƙarƙashin gadar nan da ake kira tunel na Ndokoti, saƙon yakan yanke ko ya daki kwano ya karkato kafin ya iso, sai na'ura ta ɗauka ta matsa alhali tana tsaye. Mai dogon zango a buɗaɗɗen titi ba zai ji wannan ba. Amma mai tafiyar taku-tsaya a cikin lungu, wanda rabin ranarsa tura keke yake yi a cikin jama'a, shi ne kuskuren ke taruwa a kansa. A irin wannan wuri mitar da aka saita da kyau ta fi GPS faɗin gaskiyar nisa. Ban da haka, idan aka kunna ta sai an ɗan jira ta kama taurari, kuma idan an yi doguwar tafiya da ita a kashe, kamar daga Duwala zuwa Ngaundere, kamun farko yakan ɗauki mintuna.

Sai batun caji. Batirin GPS irin na wayar hannu ne, awoyi ake ƙirga masa, daga goma sha zuwa 'yan gomiya gwargwadon na'ura. A Duwala, inda ake fama da ɗaukewar wuta, wannan abin dubawa ne, balle a ƙauyukan kan iyaka inda cajin waya ma sai an biya mai janareta ko mai sola. Irin wannan batir kuma yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi yana ƙara kashe shi, kuma a manne yake a ciki, ba kowane mai gyara ke iya sauya shi ba. Ruwa ma abin lura ne, domin Duwala na cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, fiye da milimita 3,500 a shekara, mafi yawa daga Yuni zuwa Oktoba. A nemi alamar IPX7 a jikin kwali, wadda ke nufin na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30, a kuma tabbatar murfin robar da ke rufe ramin caji yana nan.

Ba ta kamo ɓarawo

Akwai wata fahimta da ya wajaba a gyara, domin a kanta ake yawan samun saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa. 'Yan kasuwarmu da yawa sun fara jin sunan GPS ne daga bakin direbobi, tun a 2009 da hukumar kwastan ta Kamaru ta fara maƙala na'urar a jikin manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga Duwala zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya, a ƙarƙashin tsarin da aka kira Nexus, domin a ga ko mota ta kauce hanya ta sauke kaya a cikin ƙasa. Wannan ya sa wasu ke ɗauka duk abin da aka kira GPS yana nuna wa maigida inda dukiyarsa take.

Ba haka abin yake ba. GPS ta keke kunne ce kawai, ba ta da baki. Tana sauraren tauraro ta san inda take, amma ba ta gaya wa kowa. Irin ta kwastan da ta masu motoci tana da ƙarin hanyar aika saƙo, galibi da layin waya a ciki, kuma ana biyan kuɗinsa. Idan aka sace keke da GPS a kansa, an yi asara biyu ke nan. Wanda tsoron sata ya dame shi, sarƙa da kwaɗo mai kyau zai saya, ko ya yi amfani da babbar falalar keken nasa: ya ninke shi ya shiga da shi shago. Haka kuma, mafi yawan masu arahar ba su da taswira ko kaɗan, lambobi kawai suke nunawa. Masu taswirar ma, a garin da ake kwatance da sunan mahaɗa da gidan mai da masallaci maimakon sunan titi, ba za su maye gurbin tambaya ba. Matambayi dai ba ya ɓata.

Kada a manta da wayar aljihu

Kafin mutum ya zuba kuɗi a GPS, ya tuna cewa babbar wayar da ke aljihunsa tana da ita. Akwai manhajoji na kyauta masu auna nisa da ajiye hanya, kuma ana iya sauke taswirar Google Maps ko ta OpenStreetMap a ajiye a waya don amfani inda babu sabis. Illarta ita ce cin batir, da kuma haɗarin ɗaura ta a kan hannun keke a wuri irin Ndokoti, inda mai fizge ke iya wucewa da ita a kan babur, ga girgizar ƙaramar taya a kan ramuka, ga ruwa. Dabarar ita ce a kunna manhajar a mayar da wayar cikin aljihu ko jaka, a duba idan an isa.

Wa zai ɗauki wanne?

Idan aikin keken zagayen kasuwa ne a hanyoyin da aka riga aka sani, keke ɗaya, mahayi ɗaya, abin da ake so kawai a san nisa don biyan yaro ko sanin lokacin sauya taya da sarƙa, to mita ce ta dace, da sharaɗin an auna taya an kuma gwada tazarar saƙo a kan keken. Haka ma ga mai kai kaya kasuwannin da wuta ba ta wadata ba.

Idan kuwa mutum yana ninke kekensa ya shiga mota da shi, yau yana Kye-Ossi gobe yana Garoua-Boulai, yana shiga ƙauyukan da bai sani ba, ko yana da kekuna da yawa masu tayoyi daban-daban, ko yana son ganin inda aka bi ba nisa kaɗai ba, to GPS ce tasa, ko wayarsa idan tana da batir mai ƙarfi. Sai dai a nan akwai abin kiyayewa: a yankunan da ake da shingayen jami'an tsaro, na'urar da ke zana hanya tana iya jawo tambayoyi, don haka a riƙe rasiɗinta, a kuma iya bayanin aikinta. Wanda zai ba yaronsa GPS ya gaya masa a fili cewa tana rubuta inda ya bi, domin amana ba ta ginuwa a kan leƙen asiri.

Ga masu sari kuwa, shawara ita ce kada a ɗauki katan sai an buɗe ɗaya an ɗaura a kan keke mai tayar inci 16 ko 20, an ɗaga hannun har iyakarsa, an juya taya an ga lamba ta motsa. A shiga wurin saiti a tabbatar mitar tana karɓar lamba ƙasa da 1200, a duba maganaɗisu da robobin ɗauri sun cika, a haɗa da batura na sayarwa, domin wanda ya sayi mita zai dawo neman batir. Idan GPS ce ta gwanjo, a fita da ita fili a ga ta kama taurari, a cika ta da caji a bar ta a kunne na 'yan awoyi a ga abin da ya rage, a kuma tabbatar mazauninta na kan hannun keke yana nan kuma kunnuwan da ke bayanta ba su karye ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Daga ƙarshe, ɗan kasuwar da ya ajiye tef da alli a shagonsa, ya ɗauki minti biyar ya saita wa mai saye mitarsa kafin ya tafi, ya sayar da abin da maƙwabcinsa ba shi da shi. Mudu ne ya miƙa wa mutane, za a biya wani da shi, za a kuma caji wani da shi. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.